Alat ya shigo amma kuɗin bai kai ba

Akwai wani irin shiru da ma'aikaci yake yi idan alat ɗin albashi ya shigo ya ga kuɗin bai kai abin da ya sa a ransa ba, ya duba wayar ya sake dubawa, ya buga lissafi, daga ƙarshe ya haɗiye abin ya ce bari dai in yi haƙuri kar a ce na cika son kuɗi. Wallahi wannan haƙurin ne yake damuna. Guminka ne fa, wata guda cur kana sammako, me zai hana ka san inda kuɗin ya shiga?

Abin da ya fi rikita sabon ma'aikaci shi ne adadin da aka rubuta masa a takardar ɗaukar aiki. Wancan jimla ce kafin a taɓa komai. Abin da zai faɗo asusunka ragowa ne bayan an cire haraji an cire fansho, wani wajen har da inshorar lafiya da kuɗin ƙungiyar ma'aikata, in ka ci bashi a wajen aikin shi ma a nan za a zare. Duk wannan yana nan layi layi a takardar albashi, amma mutane nawa ne suke karɓarta ma balle su karanta?

Shi wannan tsari na cire haraji tun kuɗin bai zo hannunka ba, Yaƙin Duniya na Biyu ne ya yaɗa shi. Amurka ta kafa dokarsa a 1943, Ingila ta fara nata a 1944, wanda ake kira PAYE, lokacin gwamnatoci na neman kuɗin yaƙi da gaggawa ga kuma miliyoyin ƙananan ma'aikata da suka shigo sahun masu biyan haraji, waɗanda zai yi musu wuya su tara kuɗin su biya a dunƙule. Sai aka ɗora wa mai aikin nauyin cirewa ya miƙa wa hukuma. Yana da sauƙi kam ban musa ba, illarsa dai kuɗin da ba ka taɓa riƙewa ba da wuya ka bi sawunsa.

Wajen da nake so a tsaya sosai shi ne maganar matakan haraji, don na sha jin mutane suna cewa wai gara kar a ƙara musu albashi tunda za su haura mataki na gaba haraji ya cinye komai. Ba haka lissafin yake ba sam. A ƙasashen da ake bin matakai, kowane yanki na kuɗinka da nasa kason. Bari in ƙirƙiro misali don a gane: a ce 30,000 na farko ba haraji, 30,000 na biyu kashi 10 cikin 100, abin da ya haura kuma kashi 20. Mai albashin 60,000 zai biya 3,000 ya tafi da 57,000. In aka ƙara masa ya koma 70,000, wannan 10,000 ɗin da ya hau kai shi kaɗai ne za a yi wa kashi 20, wato 2,000, harajinsa ya zama 5,000 ya tafi da 65,000. Ka ga ai gaba ya ci. Kuma a wurare da yawa sai an fara cire fansho tukunna a lissafa haraji kan abin da ya rage, saboda haka in kai ka yi naka lissafin a kan jimla dole ku saɓa da na ofis.

To in kuwa albashin da ka saba gani ne ya ragu kwatsam, dalilan ba su da yawa. Ko ka fara aiki a tsakiyar wata aka biya ka iya kwanakin da ka yi, ko an yanke maka ranakun da ba ka zo ba, ko wani alawus ya ƙare, ko doka ta canza, ko kuma bayananka na haraji ba su cika ba aka ɗora ka kan kaso mai tsada na wucin gadi. Watan bonas ma yakan zo da cira mai nauyi. Sannan akwai kuskure zalla, don masu haɗa albashi 'yan adam ne, kwamfuta kuma abin da aka shigar mata shi take fitarwa.

Shi ya sa nake cewa ka ɗauki takardar wannan watan da ta watan jiya ka jera su, layin da ya canza zai nuna kansa. Ka je ofishin kuɗi cikin ladabi ka ce, yallaɓai don Allah a taimaka a yi min bayanin wannan layin, da wane kaso aka lissafa shi? Ba faɗa ba ne ba kuma zargi ba, akanta mai gaskiya ma daɗi yake ji a gano kuskure da wuri kafin ya taru. In bayanin baki bai gamsar da kai ba ka rubuta a imel, amsar ta zo a rubuce.

Abin da ya fi tsaya min a rai ma ba yawan cirar ba ne, shin abin da aka cira ya isa inda aka ce? Ana samun wuraren aiki da za su zare haraji da fansho duk wata a takarda amma ba su tura ba, mutum ba zai sani ba sai ya zo barin aiki ko ya nemi shaidar biyan haraji ya tarar wayam, lokacin shekaru sun wuce waɗanda suka yi aikin ma wataƙila sun bar wajen. Don haka kar ka yar da takardun albashinka ko ɗaya, ka riƙa neman bayanin asusun fanshonka lokaci zuwa lokaci kana gwadawa da abin da aka cire maka, in ka ga watan da babu ka tambaya a satin nan.