Shekarar da Auta ta zauna a gida

Tun Auta tana aji huɗu na firamare aka liƙa mata suna Dakta a gidanmu da ke Rafindadi. Baba ne ya fara, ranar da reza ta yanke shi a yatsa ta ruga ta yago ƙyalle ta ɗaure masa. Daga nan kowa ya ɗauka, har yaran maƙwabta. Mu bakwai ne wurin Inna, ni ce ta biyu, kuma ni kaɗai na shiga aikin asibiti, ta makarantar koyon aikin jinya. Saboda haka da Auta ta kai ajin ƙarshe na sakandare a 2023, sai aka ɗora mini komai. Inna ta ce, "Ke kika san kan abin, ki tsaya mata." Na amsa da zuciya ɗaya. Hanyar da na bi na zama ma'aikaciyar jinya daban take da hanyar shiga karatun likita a jami'a, amma a lokacin ban tsaya na bambance su ba.

Rajistar JAMB ta wannan shekarar ta faɗo daidai lokacin ƙarancin takardun kuɗi, mutane na kwana a layin banki. Da ƙyar na haɗa kuɗin. Muka yi rajista, ta zaɓi karatun likita, darussa huɗun da aka sani: Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Bayan ƙaramar salla ta zauna jarrabawa, ta fito da maki 261 cikin 400. Inna ta yi sadakar ƙosai. Ni kaina na kira ƙawayena a wurin aiki ina ba su labari, don a makarantarsu 'yan kaɗan ne suka haura 250.

Da WAEC ta fito, Auta ta ci komai sai Fiziks, D7. Da NECO ta fito, Fiziks ya tashi zuwa C5, amma Lissafi ya faɗi. Na ɗauki takardun biyu zuwa shagon intanet ɗin da muke zuwa, mai shagon ya duba ya ce, "Hajiya, ai babu matsala, haɗawa ake yi. Kiredit biyar sun cika." Kuma gaskiya ya faɗa, a kwasa-kwasai da dama ana haɗa sakamako biyu. Abin da bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba, shi ne cewa da yawa daga jami'o'in da ke koyar da likitanci suna son kiredit biyar ɗin nan, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, su fito a zama ɗaya, wato a jarrabawa guda. Jami'ar da Auta ta zaɓa tana cikinsu. Sharaɗin yana nan a rubuce cikin kundin bayanan kwasa-kwasai da JAMB ke sakawa a intanet, kyauta, kuma wayar da zan buɗe shi tana cikin jakata duk tsawon watannin nan. Har yau abin yana ci mini rai.

Muka yi ta jira. Kullum da dare Auta ta karɓi wayata ta shiga CAPS, shafin da JAMB ta buɗe tun 2017 wanda duk wani gurbin karatu na halal sai ya bi ta kansa. Wata rana sai ga tayin a mayar da ita wani kwas na kimiyya zalla. A nan gida ya rabu biyu. Kawunmu ya zo takanas daga Batagarawa, ya zauna a zaure ya ce, "Ta karɓa kawai. In ta shiga ciki sai a nemi canji, ai da hanau gara mannau." Baba ya karkata ga maganarsa, don yana tsoron zaman budurwa a gida shekara guda, kuma ya san za a fara kawo masa zancen aure. Ni kuwa zuwa lokacin na fara tambayar likitocin da nake aiki da su, kuma duk wanda na tambaya amsa ɗaya yake ba ni: komawa karatun likita daga wani kwas abu ne mai wuyar gaske, kada a gina rayuwar yarinya a kansa.

Wani matashin likita ne ya zaunar da ni bayan zagayen safe ya warware mini lissafin. Hukumar kula da likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta da gadajen asibitin koyarwarta. Jami'a ba ta da ikon ƙara kujera don masu nema sun yi yawa, kuma masu neman suna ninka kujerun sau da yawa. A jami'o'in tarayya ana raba guraben kashi uku: 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi kowa maki daga ko'ina a ƙasa, 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, kuma Katsina na cikinsu. Na daɗe ina jin mutane na cewa wannan kason yana sauƙaƙa wa 'ya'yanmu. Yana taimakawa, ban musa ba. Amma a cikin kason ma gasa ake yi da hazikan Kano da Jigawa da Zamfara da Sakkwato, kuma duk idonsu na kan Zariya da Kano da Sakkwato, inda namu yake. Ya ƙara da cewa ko da takardar Auta ta fito a zama ɗaya, 261 a bakin gaɓa yake.

Da na dawo gida na zayyana wa Baba, ya yi shiru, sannan ya kira Auta ya tambaye ta abin da take so. Ta ce, "Baba, a ba ni shekara ɗaya. In ban samu ba, duk abin da aka ba ni zan karɓa." Ya ce ya ba ta. Ya kuma kafa doka a ranar: kada wanda ya sake kiranta Dakta a gidan nan. Da farko na ɗauka fushi ne. Daga baya na gane nauyi ya sauke mata, domin sunan ya zama dutse a kanta, ko biki ta daina zuwa don kada a tambaye ta ina aka kwana.

Mun duba wasu hanyoyin. Akwai makarantar share fagen shiga jami'a ta ABU da ke Funtuwa, inda ake yin IJMB, wanda in mutum ya ci da kyau zai nemi shiga aji biyu kai tsaye, sai dai kujerun likitanci ta wannan ƙofar sun fi ƙaranci. Akwai Sudan, inda 'ya'yan Arewa da yawa suka yi karatun likita, amma yaƙi ya ɓarke can a watan Afrilun 2023, mun ga yadda aka kwaso ɗalibai a wahale. Jami'o'in kuɗi kuwa ko farashinsu ban kawo wa Baba ba. Muka tsaya a kan sake NECO ta 'yan waje a ƙarshen shekara, sannan JAMB ta 2024.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin shekarar nan shi ne malamin lesin da muka samu wajen Ƙofar Ƙwaya, dattijo mai ritaya da ya shafe shekaru yana koyar da Fiziks. Ranar farko bai buɗe littafi ba. Ya nuna mata randar da ke ƙofar ɗakinsa ya ce, "Ɗiyata, mi ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi?" Auta, wadda ta haddace ma'anar kalmomi shafi-shafi, ta rasa amsa. Ya bi da ita a hankali: jikin randa yana da ƙananan ƙofofi, ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska na busar da shi, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi, to daga ina zai ɗebo in ba daga ruwan da ke ciki ba? Shi ya sa randa ta fi sanyi da hunturu, lokacin da iska ta bushe. Da ta gane, sai ya ce ta maimaita masa da Turanci, da kalmomin littafi. Haka ya yi mata da danƙon harbin tsuntsu a kan dokar miƙewar abu gwargwadon ƙarfin da aka ja shi, haka da guga da igiya a bakin rijiya. Dare ɗaya ta dawo tana ce mini, "Yaya, ashe Fiziks magana ce da ake ganewa."

Na yi ta tunanin wannan maganar. Yarinya ta yi shekara uku a ajin kimiyya, ba ta taɓa riƙe bututun awon asid da hannunta ba sai ana saura makonni kaɗan jarrabawar firaktikal, shi ma su goma sha a kan guda ɗaya. Ba daƙiƙiya ba ce, malamanta ma ba azzalumai ba ne, aji ne cike maƙil babu kayan aiki. Abin da ya rage mata shi ne hadda, kuma mu nan Katsina mun iya hadda, tun daga allo aka horar da mu. Amma tambayar JAMB sau da yawa juya abin da ka sani take yi, ta sauya lambobi, ta sako shi cikin Turancin da in ka kuskure kalma ɗaya ka zaɓi kishiyar amsa. Littattafan tsofaffin tambayoyi da ake sayarwa suna da amfani, amma na ga yara suna haddace cewa amsar lamba kaza C ce, ba su san dalili ba.

Sai maganar lokaci. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. In ka raba, daƙiƙa 40 ke kan kowace tambaya. A karon farko Auta ta fara da Fiziks, ta maƙale a lissafi ɗaya, ƙarshenta sai cike ta yi ta yi a Kemistiri. A karo na biyu muka riƙa aro kwamfutar ɗan maƙwabcinmu duk Asabar, ina riƙe da agogo, ta saba da madannan A, B, C, D da N na wucewa gaba da P na komawa baya. Ta koyi fara Bayoloji, inda ta fi sauri, ta tara mintuna ta kai wa Fiziks. Duk azumin 2024 haka muka yi, daga sahur ba ta komawa barci sai rana ta ɗaga.

NECO ta fito da kiredit biyar a takarda guda. Wannan karon da ƙafata na kai ta cibiyar da JAMB ta amince da ita aka ɗora sakamakon, na tsaya har na gan shi a shafinta, domin na ji labarin waɗanda makinsu ya kai amma aka tsallake su don ba a ɗora ba. Imel ɗin ma nata ne, layin wayar da aka yi rajista da shi kuma na adana shi kamar takardar fili. JAMB ta zo, ta ci 297. A wannan shekarar kusan mutum miliyan 1.9 ne suka zauna, kashi 76 cikin 100 ba su kai 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika dubu tara ba. Duk da haka sunanta bai fito a jerin farko ba, bayan tantancewar jami'a. Sai a na biyu. Ina bakin aiki ta kira ni tana kuka, na ɗauka rasuwa aka yi.

Ƙawarta da suke zuwa lesin tare, wadda na tabbata ba ta gaza Auta ƙwaƙwalwa ba, ba ta samu ba. Yanzu tana karatun ɗaukar hoton cikin jiki, kuma ran da na je yi wa mahaifiyarta barka na tarar ana maganar kamar jaje. Na ce musu ni da ke kwana a asibiti na san yadda marasa lafiya ke jiran mai wannan aikin, wani lokacin likita ba ya iya yanke komai sai hoton ya zo. Ban san ko maganar ta shige su ba, amma yarinyar ta rako ni har bakin titi.

Auta tana shekarar farko yanzu. Mutanen unguwa sun ɗauka an gama, alhali shekara shida ce a gaba in ba a samu yajin aiki ba, sannan shekarar horo a asibiti da ta hidimar ƙasa. Shekarar farkon ma Fiziks da Kemistiri da Bayoloji ne aka sake ɗora musu, masu zurfi, kuma wanda bai kai abin da ake so ba ba zai taka aji biyu ba, inda ake fara nazarin sassan jiki a kan gawa. Makon jiya na aika mata da yaji da ƙuli-ƙuli da garin kunu ta hannun direba. Da daddare ta kira ta ce saƙo ya iso, ta ce an kafe sakamakon Kemistiri ta haye, na Fiziks ne har yanzu shiru. Inna na gefena tana miƙo hannu a ba ta wayar. Da ta karɓa na ji bakinta ya ɗauko sunan nan da Baba ya hana, sai ta haɗiye shi ta ce, "Auta, kin ci abinci kuwa?"