Alhamis, rana ta uku da dashen haƙorin Baba

Da asuba kuncin Baba na hagu ya fi na jiya tudu, har da ɗan duhu a ƙasan muƙamuƙi. Ba abin tayar da hankali ba ne. Kumburin dashen haƙori a rana ta biyu zuwa ta uku yake kai maƙura, daga nan ya soma saɓewa. Shi ya sa yau aka ajiye ƙanƙara. Amfaninta a awa 48 na farko ne: a naɗe ta a tsumma, minti 20 a kan kunci, minti 20 a huta. Yanzu sai tawul da aka jiƙa da ruwan ɗumi.

Abin da aka sa masa ranar Talata ƙusa ce ta ƙarfen taitaniyam, an ɗaure ta cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa a gurbin turmin da ya faɗi, aka ɗinke dasashi a kai. Haƙorin kansa ba a ɗora ba tukuna, sai ƙashi ya tsiro ya kama ƙusar gam, abin da kan ɗauki wata 3 zuwa 6. Idan aka riƙa tauna a kanta kafin nan tana motsi, jiki yakan kewaye ta da nama mai laushi maimakon ƙashi, ta soma girgiɗi, a ƙarshe a cire ta. Rana ta uku na fi jin tsoro, domin zafi ya ragu, yunwa ta dawo, mutum ya ga kamar ya warke.

Karin kumallo koko ne da aka bari ya huce har ana iya tsoma yatsa, da ƙwai biyu da aka soya ruwa-ruwa. Abu mai zafi yana buɗe jijiyoyin jini, wurin ya koma tsatsafa. Da cokali ya sha, ba da tsinken zuƙar lemo ba, don zuƙa tana iya fizge gudan jinin da ya toshe ciwon. Bayan ya ci ya sha farasitamol ƙwaya biyu masu miligiram 500, kuma ba zai wuce ƙwaya 8 a kwana ɗaya ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da likita ya rubuta kuwa sai ya ƙare tas, ko da ya daina jin komai.

Kurkurar baki ce aikin da na fi tsayawa a kai. Rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, bayan kowane abinci da kafin barci. Baba ya saba guntsar ruwa ya kurkure baki da ƙarfi ya furzar, irin na alwala. Na ce, “Baba, ku guntsa kawai, ku karkata kai hagu da dama a hankali, sai ku buɗe baki a kan kwano ruwan ya zubo da kansa.” Haka zai riƙa yi a alwalar ma. Sauran haƙora an goge su da buroshi mai laushi, aka kauce wa wurin ɗinki. Asuwaki da tsinken sakace na ɗauke su daga ɗakin. Ruwan Chlorhexidine, maganin kurkurar baki mai kashe ƙwayoyin cuta, sau biyu ne a rana, safe da dare, kuma sai an bar minti 30 bayan man goge baki, domin kumfar man tana rage masa ƙarfi. Ba a zarce mako biyu da shi sai da izinin likita, yana rina haƙora.

Da rana alale da faten dankali, da dare tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka ba barkono, an zare wa kifin ƙaya an marmasa a ciki. Loma ƙanana, ta gefen dama kawai. Ciwo ba ya rufewa da kunu zalla, yana son wake, ƙwai, kifi da nono. Fura ma za ta yi idan an dama ta sosai an tace gudajin.

Bayan la'asar na ga hannunsa ya nufi aljihu. Goro ne. Na roƙe shi ya ba ni ajiya har likita ya duba wurin, domin goro ga tauri ga ɓarɓashi da ke maƙalewa a zaren ɗinki. Layinsu ɗaya da ƙuli-ƙuli, kilishi, tsire, aya, rake, gyaɗa da riɗi. Mai shan taba ya fi wanda ba ya sha haɗarin rasa dashen, hayaƙin yana rage jinin da ke isa dasashi. Mai ciwon suga kuma ya kula da awonsa, don sugan da ya hau yana jinkirta warkewa.

Farin abin da ya rufe bakin ciwon alamar warkewa ce, ba a kankare shi, ba a kuma ja leɓe don leƙawa ko a yi ta kai harshe. Abubuwan da za su mayar da mu asibiti kafin ranar cire zare su ne jinin da bai tsaya ba bayan an cije audugar asibiti minti 30, kumburin da ke ƙaruwa bayan gobe, zazzaɓi, mugunya ko wari, da leɓen ƙasa da har yanzu ba ya jin taɓi. Na taɓa nasa da yatsa, ya ce yana ji. Ya kwanta a kan matashi biyu, ta gefen dama.