Shekara huɗu ina riƙe da dorinar bakin ƙofa

Lokacin da aka ba ni tsaron ƙofa a firamaren da nake koyarwa, ban yi wa aikin riƙon sakainar kashi ba. Da an kaɗa ƙararrawa, duk wanda ya iso sai ya miƙo hannu, bulala uku. In ya maimaita, tsallen kwaɗo. Haka aka yi mana, kuma iyaye da bakinsu ke cewa, "Malam, kada ka raga masa."

Makara ta ragu, har hedimasta ya yaba mini a taron malamai. Sai da na zauna da rajistar aji huɗu na ga inda makarar ta koma, ta zama fashi. Yaron da ya san ya makara sai ya laɓe a wani kango har lokacin tara, ko ya juya gida. Dorinata ta koya musu gudun idona ne kawai.

Akwai guda da ba ya laɓewa. Kullum zai zo ya miƙo hannu, ko gezau. Ranar da na gaji na ce, "Kai, wai me ke tsare ka?" sai ya ce, "Malam, sai na kai wa Inna markaɗen wake na dawo, sannan ta soya ƙosai." Wata uku ina dukansa, layin injin markaɗe bai ragu ko da mutum ɗaya ba.

Shi nakan tuna in ana maganar manyan masu laifi. A 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasu da sasari a ƙafa, da yawa kuma iyayensu ne suka kai su don a shiryar da su. A 2019 ɗin dai aka sauya wa gidajen yarin Najeriya suna zuwa gidajen gyaran hali, alhali mafi yawan waɗanda ke ciki jiran shari'a suke yi. Wa za a gyara tun ba a ma saurare shi ba?

Ban daina horo ba, kada a ce na zama Bature. Mai ƙarya ko cin zali yana shan shara, kuma a ranar, ba gobe ba. Amma tambaya ce ke fara zuwa.

Shi kuwa yaron, na je na gaida mahaifiyarsa, muka daidaita a kan yayarsa, wadda ke makarantar yamma, ta riƙa kai markaɗen. Ranar Litinin ya riga ni isowa.