Na gaji da ceton duniya

Daren jiya kuran ya ɗauke a unguwarmu, zafin Yamai kuwa kun san shi. Sai na fito tsakar gida da tocila na ƙarasa wani littafin almara da na sayo jikka biyu wajen masu tsofaffin littattafai. Shafi 600! Kuma zancen guda ne: wani maraya, wani takobi, duniya za ta tashi in bai kashe mugun sarki ba. Wallahi na ƙoshi.

Ni ƙaramar rigima nake so. Aljana mai sayar da fura da ke bin maƙwabciyarta bashi, kunya ta hana ta tambaya. Ko tsohon boka da laƙaninsa ya daina ci, yana ɓoye wa matarsa. Ku tuna tatsuniyar kaka: yawancin damuwar Gizo ba ta wuce cikinsa da yadda zai yi wa Ƙoƙi wayo, amma muna ƙin barci sai an kai ƙurunƙus.

'Yan'uwa masu karatu, wa ya san irin wannan? Da Hausa ko Faransanci, duk ina so. Na tambaya a fada, aka ce in sha shayina.