A karo na huɗu dutsen ya fito daga yashi bai fashe ba

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu koyon sassaƙar dutse. Jiya da hantsi na tone ramin da ke bayan gidanmu a karo na huɗu, kuma bakwai daga cikin duwatsu tara da na binne a yashi na hura wuta a kansu don in gasa su sun fito lafiya, babu tsaga ko ɗaya a jikinsu. Da na ɗauki mafi girma na buga gefensa da dutsen bugu, sai wani ɓalle mai tsawon ɗan yatsa ya fita sumul, wurin da ya bari yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa. Na daɗe a tsugune ina jujjuya shi a hasken rana, domin wata uku ke nan ina neman wannan sheƙin.

Waɗanda muka fara tare sun san cewa kogunan Pinnacle Point, kusa da garin Mossel Bay a gaɓar tekun Afirka ta Kudu, su suka jefa ni cikin wannan aiki. A kogon da ake kira 13B ne tawagar masanin kayan tarihi Curtis Marean ta samu shaidar cewa shekaru 164,000 da suka wuce mutane suna cin naman ƙumba daga bakin teku, suna kuma amfani da jar ƙasa. Abin da ya fi riƙe mini zuciya shi ne binciken abokin aikinsa Kyle Brown na 2009. Ya yi ta neman silkirit, wato wani dutse da yashi ya dunƙule ya zama, mai ja da sheƙi irin na cikin kogunan a duk kewayen yankin bai samu ba, domin wanda ke fili garas-garas yake, ba ya ɓallewa da kyau. Sai da ya binne shi a yashi ya hura wuta a kansa sannan ya ga ya koma irin na mutanen da. Ashe gasa dutsen suke yi, kuma zuwa shekaru 72,000 da suka wuce abin ya zama musu al'ada.

Ni ba ni da silkirit. Ƙanƙara nake aiki da ita, irin wadda kakanninmu ke haɗawa da ƙyastu, kuma na sayo ta ne daga waje, inda kuɗin aikowa ya ninka kuɗin dutsen kansa har sau biyu. Saboda haka duk wanda ya fashe sai na ji shi har cikin raina.

A karo na farko gaggawa ce ta cuce ni. Na karanta cewa wani masanin kayan tarihi, Patrick Schmidt, ya nuna ana iya tura silkirit cikin garwashi kai tsaye ba tare da yashi ba, sai na yi hakan da ƙanƙarata. Ba a yi minti ashirin ba na fara jin tas-tas, wani ɓarɓashi ma ya tsallake katanga. Da safe na tarar da duwatsu shida sun zama tsakuwa, wasu kuma ƙananan faya-fayai kamar kwabo sun ɓalle daga fuskarsu sun bar rami. Maganarsa daidai ce a kan dutsen da ya yi magana a kai. Ni ne ban lura ba cewa ƙanƙara ta fi matsewa, ruwan da ke cikinta ba ya samun hanyar fita da sauri, don haka idan zafi ya zo farat ɗaya tururin ne ke tarwatsa ta daga ciki.

Karo na biyu da na uku sun cakuɗe mini a kai, har ba na iya tuna wane dare ne na ƙara zurfin rami, wane ne kuma na sauya itace. A ɗaya dai na binne su da zurfi sosai, na ƙone dami biyu na itacen marke, suka fito yadda suka shiga. A ɗayan kuma zafin ya kai, amma na bar wutar ta mutu wajen ƙarfe biyu na dare cikin tsakiyar hunturu, iska ta kwashe tokar, kuma da asuba na kasa haƙuri na tone. Ina riƙe da wani dutse mai ɗumi a hannuna na ji ya yi ƙaramar ƙara, tsaga ta ratsa shi daga sama har ƙasa. Wannan ya fi na farko ƙona mini rai, domin aikin ya riga ya yi, ni na ɓata shi da hannuna.

Wata gwaggona da ke suyar gyaɗa ce ta gyara mini tunani. Ta leƙa ramin ta ce yashina ɗanye ne kuma akwai ƙasa a cikinsa, ta ce ita ba ta zuba gyaɗa sai yashin ya bushe ƙarau ya ɗauki zafi ko'ina daidai. Na tankaɗe yashin rafi da rariya, na shanya shi kwana biyu. Duwatsun ma na rage musu kauri tun kafin gashi, babu wanda ya wuce kaurin yatsu biyu, sannan na jera su a rana har mako guda. Na kuma daure na sayi ma'aunin zafi mai dogon tsinke, wanda ya ci kuɗin buhun gawayi biyu, kuma da na saye shi tun farko da ban yi asarar rabin kwalin duwatsun da na sayo ba.

A wannan karon na sa yashi mai kaurin yatsu huɗu tsakanin duwatsun da wutar. Na fara da ƙirare kawai na tsawon awa uku, ma'aunin yana ƙasa da digiri 100, sannan na riƙa ƙara itace kaɗan-kaɗan har ya kai wajen 260 bayan sallar isha'i, na tsare shi a nan har tsakar dare. Daga nan na rufe garwashin da toka mai yawa, na kifa tsohon kwanon rufi a kai, na danne da bulo, ban sake taɓa wurin ba sai bayan kwana biyu. Biyun da suka fashe su ne mafi kauri, kuma suna tsakiya inda wuta ta fi ƙarfi.

Tsarin da na rubuta a farko, wata ɗaya na rage kauri, wata ɗaya na gashi, wata ɗaya na ɓantara da danni, ya daɗe da rushewa. Tun jiya da yamma na kasa jira, na ɗauko ƙashin ƙafar saniya da na karɓo a wurin mahauta na fere masa baki, na fara danna gefen dutse ɗaya. Burina shi ne kan mashi mai siffar ganye irin na kogon Blombos kusa da Still Bay, inda masanin kayan tarihi Christopher Henshilwood da abokan aikinsa suka nuna a 2010 cewa shekaru 75,000 da suka wuce ana ƙarasa irin waɗannan kawunan mashi ta hanyar danni a kan gasasshen silkirit. A kan ɗanyar ƙanƙara ƙashin zamewa yake yi ya bar ni da ciwon wuyan hannu, yanzu kuwa ɓallaye siraran gaske suna fita har kusan tsakiyar fuskar dutsen. Sai dai gasasshen dutse ya fi saurin karyewa, kuma tsinin na farko ya tafi tun a danni na goma sha biyu. Wanda ya taɓa ƙarasa tsini a kan gasasshiyar ƙanƙara ya taimaka ya faɗa mini ko daga tsinin yake farawa ya gangaro, ko kuwa shi yake bari ƙarshe, domin saura shida gare ni kuma ba na son in taɓa na biyu kafin in ji daga gare ku.