Inda na kai da gwajin girkin tsohuwar Masar: aya da zuma

'Yan'uwa masu koyon girkin mutanen dā, sannunmu da ƙoƙari. Kwanakin nan aya ce ta cinye mini lokaci.

A yammacin Luxor akwai kabarin Rekhmire, wazirin Fir'auna Thutmose na Uku, wanda ya yi sarauta daga wajajen 1479 zuwa 1425 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A bangon kabarin an zana ma'aikata suna dakan aya a turmi, wasu na tankaɗe, wasu na kwaɓi suna mulmula shi da tsini, wasu kuma na suya a kasko. Gefe guda ga masu ɗiban zuma da hayaƙi. Ayar nan dai da muke kunu da ita. Zanen bai faɗi awo ba, sai dai hannu ya nemo wa kansa.

Ɗanyar aya ba ta yi, ruwanta ya yi yawa. Busasshiya nake wankewa in shanya, in ɗan soya ta sama-sama har ƙamshi ya tashi, sannan in daka. Dakan da wuya, ba zan ɓoye muku ba, domin aya ba ta saurin miƙa wuya ga taɓarya. Sai an tankaɗe, a mayar da tsakin turmi, a sake tankaɗewa, in ba haka ba dusar ta riƙa tsaya wa mutum a maƙogwaro. Garin kuma ba shi da danƙo, zuma ce kaɗai ke riƙe shi. Ina ɗumama ta tukuna in zuba kaɗan-kaɗan, in rufe kwaɓin ya huta kafin mulmula. Wajen suya man shanu nake sawa, wuta ƙasa-ƙasa, don zuma na saurin ƙonewa, waje ya yi baƙi ciki bai ji wuta ba. Na baya-bayan nan sun tsaya da tsininsu ba su wargaje ba, kuma wallahi daɗinsu ya fi yadda na zata.

Zuciya za ta raya muku ku zuba gyaɗa da barkono ya koma dakuwa. Ku daure. Su biyun daga nahiyar Amurka suka fito bayan 1492, haka masara da tumatir. Sukari ma babu shi a wurin Masarawan wancan zamani. Zaƙinsu zuma ne da dabino da ɓaure.

Sai dai wannan ba cimar talaka ba ce, don gidan bautar gunkinsu Amun ake yin ta. Abincin yau da gobe gurasa ce ta alkama ko sha'ir, da albasa, da kifi, da adas (wani irin ƙananan wake). Ma'aikatan Deir el-Medina masu sassaƙa kaburburan sarakuna da hatsi ake biyansu, shi ya sa da rabo ya makara a shekara ta 29 ta mulkin Ramses na Uku suka ajiye aiki. Mata ke niƙan a durƙushe kan dutse, yashi na shiga garin, har yau ana ganin yadda ya cinye haƙoran gawarwakinsu. Wannan cima mai sauƙi ita Bani Isra'ila suka yi bege a hamada: Suratul Baƙara aya ta 61 ta ambaci adas da albasa, Littafin Ƙidaya (na cikin Attaura) 11:5 kuma ya lissafa kifi da kankana da albasa da tafarnuwa.

Can na dosa yanzu. Na sayo jan adas, zan dafa shi da albasa da tafarnuwa da man zaitun kawai. Gurasar ce ta tsaya mini, domin a bangon tanderun yumɓu suke manna ƙullun, irin na masu gurasar Kano, ni kuwa ba ni da shi. Wanda ya taɓa gina ƙaramin tanderu a gida, don Allah ya faɗa mana irin ƙasar da ba ta tsagewa in ta ji wuta.