Shingen Shumaisi da mil 100 na Amurka

Jiya muna hanyar Makka daga Jidda, da muka iso shingen jami'an tsaro na Shumaisi kowa ya lalubo iƙamarsa, wato katin izinin zama a Saudiyya, tun kafin a tambaya, mun saba ai. Sai wani dattijo a motar yace wai a Amurka ba mai tare ka sai da takardar alƙali. Nace Baba, wallahi ba haka bane.

Can suna da doka, duk inda bai wuce mil 100 daga iyaka ba, wajen kilomita 160 kenan, jami'an kan iyaka na iya kafa shinge su tsayar da mota suyi tambaya ba waranti, kotun ƙolinsu ma ta amince tun 1976. Kuma har bakin teku iyaka ne a lissafinsu, shi yasa kusan kashi 2 cikin 3 na mutanen ƙasar suna zaune cikin yankin, har New York. Bincike cikin motar dai sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Nan Saudiyya ma an ja shingen waya wajen kilomita 900 a iyakar Iraƙi, aka buɗe shi 2014. Ni katangar bata dame ni ba, tana can cikin hamada, tarewar tsakiyar hanya ce ke sa gabana faɗuwa ko da takarduna sun cika.

Baba yayi shiru, can yace to ashe.